Takin da Ya Riƙe Gonar Gawo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, Ya kuma tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Asabar.

Za ka yi mamakin samun takarda daga wadda katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da naka. Kai ɗan fari ne, ban saba zama in yi doguwar magana da kai ido da ido ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Sannan na san halina. In na fara da baki, kafin in kai tsakiya na koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana ta "to Inna, to Inna", babu abin da ya shiga. Takarda ba ta ɗaga murya. Ka karanta ta har ƙarshe, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Ƙanwarka Saude ta gaya mini kun gama magana da wani Alhaji na Dawanau, za ka sayar masa da gonar gawo ka sayi babur ka shiga birni acaɓa. Kada ka yi mata faɗa, ni na tsare ta sai da ta faɗa. Gonar taka ce, rabon gado ya ba ka, ba ni da ikon hana ka a gaban kowane alƙali. Tafiyar ma ban hana ba. Na gaji da ganin takardar difilomarka a ƙasan akwati, kai kuma a kan bencin mai shayi. Namiji ya fita nema, wannan daidai ne. Maganata a kan gonar take, kuma ba zan iya yi maka ita ba sai na koma baya.

Ka san a Jira aka haife ka, amma sunan kawai ka sani. Lokacin da aka kai ni gidan babanka, Allah Ya jiƙansa, yana aiki a wata masaƙa a birni. Muna da ciki da falo a gidan haya, ga lantarki, ga famfo a tsakar gida. Ni kuma na gama sakandare, abin da mata kaɗan suka yi a garin nan a wancan lokaci, ban kuwa bar kowa ya manta ba. In mun zo gida da salla, takalmi mai tsini nake sawa in bi ta cikin yashi ina tangaɗi, don dai a gani.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Kaya suka yi tashin da ba a taɓa gani ba, sabulu da madara sai an bi layi. Masaƙu suka fara rage ma'aikata, yau wannan sashe, gobe wancan. Wata rana babanka ya dawo tun kafin azahar, ya ajiye kwanon abincinsa ko buɗewa bai yi ba. An ce su je gida, in kayan aiki sun iso za a neme su. Bayan ya yi salla ya zauna a bakin gado ya ce, "Hajara, mu tattara mu koma gida. Akwai gona, ba za mu kwana da yunwa ba."

Na ce, "In koma in ce da su me? Matar da aka rako birni da guɗa ta dawo tana surfe a turmin aro? Ai sun ce za su kira ku."

Ina da cikinka a lokacin, shi kuma mutum ne da ba ya son jayayya. Ya bar maganar, muka ci gaba da zama a birni. Wannan shi ne kuskurena na farko, sauran duk 'ya'yansa ne. Ba yunwa na ji tsoro ba, bakin matan garin nan na ji tsoro. To ka ji: duk ranar da birni ya ƙi ka, ka hau mota ka dawo da rana tsaka, kowa yana gani. Za a yi maganarka a bakin rijiya, a yi ta a wajen mai shayi, sannan akuyar wani ta shiga gonar wani a manta da kai. Ni saboda wannan 'yar maganar na jefa mu cikin abin da za ka ji.

Da haya ta gagara, muka bi sauran waɗanda aka sallama zuwa wani fili a bayan masaƙun. Ta gabas akwai kwatar da ke kwaso ruwan rini, ta yamma kuma wani ƙaton juji inda ake zubar da sharar birni. Kowa ya kafa abin da ya samu: tsohon kwano, langa-langa, kwali, buhunan siminti, ƙyauren mota. Rufin kuwa da duwatsu da tsofaffin tayoyi ake danne shi don kada iska ta tafi da shi. Da rana ɗakin kamar tanda. Da damina kwata ta cika ta shigo mana, yau ruwan ja, gobe shuɗi, yaran unguwa ƙafafunsu kullum da launi. Ba hukuma ce ta sa wa wurin suna ba. Duk wanda ka tambaya me yake yi a nan, sai ya ce, "Jira muke, za a kira mu." Haka sunan ya bi wurin.

Kayan ɗakina sun tafi ɗaya bayan ɗaya, kwalla da langa da rediyo, duk mun cinye su. Abu ɗaya na ce ko za a mutu ba za a taɓa ba, gadon ƙarfen da mahaifina ya saya mini. Ya fi ƙarfin ƙofar, don haka sai da aka ajiye shi a fili sannan aka kewaye shi da kwano. In ka shiga ɗakin, gado ne da 'yar hanya.

Kullum da safe ina hura gawayi in goge wa babanka kakin aikinsa, ya fita daidai lokacin da jiniya take kuka a da, ya je ya tsaya a ƙofar masaƙa tare da sauran. Ba abin da suke yi sai kallon ƙofa da musun ranar da injuna za su tashi. Wasu suka gaji suka shiga kasuwa dako, wasu tura ruwa. Ya ce mini zai bi su. Na ce, "In aka buɗe ƙofa kana can kana ɗaukar buhun wani fa?" Ya koma ya tsaya. Ni na mayar da shi, da bakina da dutsen gugata.

Abba, jira ba sana'a ba ce. In ka kai takardunka ofis aka ce ka dawo, ka ce to, ka fita ka nemi abin da hannunka zai yi kafin ranar. Kada ka yi wa ƙofar kowa gadi ba albashi. Mutumin da ya wuni a tsaye bai yi komai ba ya fi wanda ya wuni yana dako gajiya, don shi dako yana barci in ya kwanta.

Maƙwabciyarmu ta jikin kwano sunanta Tabawa. Mijinta mai gadi ne, shi ma an sallame shi, ita kuma tana tuyar ƙosai a bakin hanya. Mace ce mai ƙatuwar murya, ba ta iya magana a hankali ba. Ta gan ni da littafi a hannu sau ɗaya, shi ke nan na zama Malama. In ta ga hayaƙi bai tashi a wajenmu ba sai ta buga kwanon ta ce, "Malama 'yar boko, yau ma da Turanci za a tuƙa tuwon?" Sannan ta turo ƙosai ta ƙarƙashin labule. Ina karɓa, amma ban taɓa shiga ɗakinta na zauna ba. A raina ni baƙuwa ce a Jira, su ne 'yan gari.

Ranar da naƙudarka ta tashi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babanka yana ƙofar masaƙa. Tabawa ta ji nishina ta cikin kwano, ta bar kaskonta a wuta ta faɗo ko sallama babu. A hannunta ka faɗo. Ranar suna ba mu da rago, ba mu da dalilinsa. Akuyarta guda, wadda take ɗaure da ita a ƙafar gadonta saboda ɓarayi, ita ta jawo ta miƙa wa babanka. Ya ce ba zai karɓa ba. Ta ce, "Kai Malam, ba kai na ba wa ba, mijina na ba wa, ga shi can a zani yana tsala ihu." Wani Batibi da suke sashe ɗaya da babanka ya kawo doya, wani Babarbare ya kawo goro, aka yi addu'a a masallacinmu da aka shata da duwatsu. Haka aka raɗa maka suna.

Duk inda ka sauka a birni, ko ɗaki ɗaya kuka cushe ku da yawa, ka san sunan na kusa da kai, ka gaishe shi, ka ci abincinsa, ya ci naka. Kada ka ce ai kai mai difiloma ne, zaman wucin gadi kake. Kowa a Jira zaman wucin gadi ya zo.

Yanzu ga maganar gona. Ana cikin haka wani mutum ya fara zuwa unguwar, da jakar hannu da farin tabarau, ana ce masa Sakatare. Ya ce ya san manya a cikin masaƙa, za a buɗe nan ba da daɗewa ba, amma ba kowa za a mayar ba, sai wanda ya gaisa da su tun yanzu. Mutane suka shiga sayar da abin da ya rage musu. Wani dattijo mai suna Malam Haladu, mutumin wajen Zakirai, ya je gida ya sayar da gonarsa ya kawo. Ni kuma na tasa babanka a gaba, safe da yamma, ya je ya sayar da gonar gawo. Na ce me ake da gonar da ba ma nomawa? Wannan karon bai ce to ba, bai kuma ce a'a ba. Ya dai ce bari a ga bayan rani.

Gonar tana hannun Ɗanladi a lokacin, wanda gonarsa ke iyaka da ita ta arewa. Aro babanka ya ba shi da zai tafi birni. Ka san al'adar ƙasar nan, ko da yake ku yaran yanzu ba kwa kula. Gonakinmu ƙanana ne, ba a barin su su huta, taki ne kawai ransu. Shi ya sa mai aro yana shuka yana girbi, amma ba ya zuba taki sai da izini. Wanda duk ya zuba taki a gona, ba mai ɗaga shi daga kanta sai ya ci ƙarfin takinsa. Ko mai gonar, ko wanda ya saya, sai ya jira. Dagaci ma haka zai yanke.

Da rani, mutanen ƙauyukanmu kan shigo birni da jakuna, su kawo itace su koma da taki a mangala. Jujinmu na cikin wuraren da suke ɗiba, don sharar birni a lokacin yawanci toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Ni in na ji kukan jaki sai in saki labule, don gida mun bar su a kan muna nan a gidan haya. Wata rana da hantsi ina ba ka nono, na ji sallama a ƙofa.

"Salamu alaikum, masu gida. A taimaka wa baƙo da ruwa."

Muryar Baffanka Audu ce, yayan babanka. Ko cikin barci na san ta. Na toshe maka baki da nono, na yi tsit. Ya sake sallama, na ƙi amsawa. Ka ji abin da girman kai ya kai ni: na hana yayan mijina ruwa da amsar sallama, ga randa a gefena. Ya matsa ƙofar Tabawa. Ina jin ta tana zuba masa, tana tambayarsa daga ina. Da ya faɗi sunan garin nan sai ta kwashe da salati.

"Kai! Ai Malama ma 'yar garinku ce! Malama! Fito ga mutanenku! Tana ciki fa, yanzu na ji tarin yaron."

Na fito da kai a kafaɗa, na durƙusa, na ce, "Yaya, sannu da zuwa." Ya dube ni, ya dubi kwanon da tayoyin da ke kai, ya dubi kwatar. Ina jira ya yi faɗa. Sai ya miƙo hannu ya karɓe ka, ya ce, "Wannan ne magajin? To ai kunnuwan namu ne, ba a yi mana ha'inci ba." Ya zauna a kan wani bulo a inuwar jakinsa, ya ce ba zai tafi ba sai ƙaninsa ya dawo.

Da babanka ya dawo suka gaisa, kowa yana kallon ƙasa. Baffanka bai tambayi yadda aka yi ba. Cewa ya yi, "Ɗanladi ya ji ana cewa za ka sayar. Ya fara tara taki a bakin iyaka, tsibi ya kai ƙugu. In ya watsa shi kafin ruwa, gonar ta fita hannunka sai yadda Allah Ya yi. Ba mai sayenta da takin wani a kai sai shi, a yadda ya ga dama. In ma komawa za ka yi, ba inda za ka sa fartanya. Ni nawa takin ko gonata bai isa ba." Ya nuna jujin da haɓa. "Wannan kuma rabinsa kwalba ne da gwangwani. Bara sai da ya farke wa yarona ƙafa. Rabin abin da jaki ke ɗauka zubarwa muke."

Babanka ya daɗe yana kallon jujin nan, kamar ranar ya fara ganin sa. Ya ce, "Yaya, in ka zo jibi ka tarar da shi a tankaɗe, ba kwalba ba ƙusa, za ka kai mini gonata?"

Baffanka ya ce, "In a tankaɗe yake, ba ni kaɗai ba, duk wanda ya zo da jaki zai kai maka, ya kuma kawo maka gero."

Bayan ya tafi na tayar da rigima. Na ce mutumin da ke tsayawa a kan injin saƙa shi ne zai tona juji, a gaban mutanen garinmu? Tun da muka yi aure bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya cire kakin nan da na goge, ya ninke shi, ya miƙo mini. Ya ce, "Ajiye wannan. Na bi taki maganar har ta kawo mu nan. Yanzu ki bar ni in bi tawa, ko ta mayar da mu."

Washegari ya ari shebur ya shiga juji. Ba shi da rariya, da hannu yake tsince kwalaben. Ina leƙensa ta hujin kwano. Kafin azahar yatsunsa duk jini, abin da ya tara kuwa bai cika mangala ɗaya ba. Tabawa ta zo ta tsaya a kaina, ta riƙe ƙugu.

"Malama, mijinki zai ƙare yatsunsa. Ba ku da wata raga ne?"

Na ce ba mu da ita. Ta dubi gadon, ta dube ni, ta fita ba ta ƙara ko kalma ba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Na zauna a kan gadon nan na ɗan lokaci. Sannan na sauke katifa, na kira mijinta ya zo da guduma. Sai da aka ɓalle kwano ɗaya na bango kafin ragar gadon ta fita. Aka jingina ta a kan sanduna biyu a bakin juji. In aka watsa shebur ɗaya, toka da taki su zube ƙasa baƙi ƙirin, lallausa, kwalba da gwangwani su gangaro gefe. Babanka ya dube ni, hannunsa naɗe da tsumma, ya ce, "A ƙasa za ki kwana fa." Na ce, "Na sani. Yi aikinka."

Ranar da Baffanka ya dawo da abokan tafiyarsa, suka cusa hannu cikin tsibin har gwiwar hannu ba abin da ya soke su. Aka ɗora wa jakuna. Kafin Ɗanladi ya gama shirinsa, takin babanka ya riga ya sauka a gonar gawo tsibi-tsibi, Baffanka ya kira mai unguwa ya gani da idonsa. Ɗanladi ya kwashe nasa ya mayar gonarsa. Ba a yi faɗa ba, har ya rasu suna gaisawa da babanka.

Labari ya bazu a ƙauyuka cewa akwai taki tankaɗaɗɗe a Jira. Jakuna suka riƙa zuwa da gero da dawa da itace, su koma da taki. Mazan da ke tsaye a ƙofar masaƙa suka fara zamewa ɗaya-ɗaya suna zuwa aron ragata, daga baya kowa ya nemo tasa. Yara suka riƙa tara gwangwanin suna kai wa maƙera. Hayaƙi ya tashi a ɗakunan da aka daɗe ba a ga hayaƙi ba. Ba arziki aka yi ba, kada ka ɗauka. Wari yana nan, tari yana nan, ni kuma bayana ya san ƙasa. Amma mutane sun daina cewa "za a kira mu", sun koma cewa "gobe jakuna za su zo", kuma jakunan suna zuwa.

Sakatare kuwa, wata safiya aka neme shi aka rasa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu gona a gida suka fara ɗaure kaya. Malam Haladu ya rako mu har bakin titi, kana hannunsa. Babanka ya ce masa, "Malam, kai ma ka je gida mana." Ya yi murmushi ya ce, "In je in tsaya a gonar wa?" Mun bar masa ragar gadon. Da ita ya ci abinci har ƙarshen ransa, a Jira. Tabawa ta sa mu a mota tana ihu, "Malama, in kin yi gero ki aiko, kada ki aiko mini da Turanci!" Na aika mata, kowace kaka, har Allah Ya karɓi abarsa.

Na shigo garin nan a bayan akori-kura da ɗa a baya da katifa a naɗe, ba gado. An yi maganata, ban mutu ba. Shekarar nan geron gonar gawo ya fi tsayin babanka, ciyawar wuta-wutar da ta fara cin gonar ta ja baya. Masaƙar kuwa har yau ba ta kira kowa ba. Da gonar nan aka ciyar da ku, da gyaɗarta aka kai ka makarantar da ta ba ka difilomar.

Babur ƙarfe ne, Abba. Yana tsufa, ana sace shi, hukuma tana iya tashi wata safiya ta ce an hana. Ban ce kada ka hau ba. Akwai masu ba da babur haya, ka karɓa ka yi aiki ka riƙa kai musu nasu, in Allah Ya buɗa ka sayi naka da guminka. Zai fi wuya, na sani. Amma mai gona in ya shiga birni nema ya je, in ya ƙi ya dawo. Wanda ya sayar, ya je ke nan. Na ga su biyun da idona, na kuma kusa mayar da babanka na biyun.

Sauran abubuwan ka san su, amma zan faɗa don aikina ne. Ka tsare salla ko fasinja na jira. Kada ka sha komai don ƙarin ƙarfi, in ka gaji ka kwanta. Kada ka yi gudu da matar mutane da 'ya'yan mutane a bayanka. Duk wanda ya ce maka ya san manya, sai ka kawo wani abu zai shigar da kai, ka gaishe shi da ladabi ka wuce, ko da jaka ko ba jaka. Kuma in ka ji muryar mutumin garinmu a ƙofarka, ko a wane irin ɗaki kake, ka amsa sallama ka ba shi ruwa.

Yanzu abin da ya rage. Gara ka ji daga gare ni kafin ka ji a bakin mai shayi. Tun rasuwar babanka kai ka ce in riƙa noma gonar, ba ka kuma taɓa ce mini kada in zuba taki ba. Shekaranjiya na sa an kwashe turken awakina da tokar madafi da duk sharar da na tara tun kaka, an kai gonar gawo an watsa. Na aika an kira mai unguwa ya gani. Ka gaya wa Alhajinka, in yana so ya saya, ya saya, amma sai na ci ƙarfin takina, kuma takin awakina ba ya saurin ƙarewa. Shi ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da hakan ke nufi. Ka yi fushi in kana so, na ɗauka. Ban ƙwace maka gona ba, lokaci na saya maka. Ka je ka ga birni da idonka, ka dawo da kaka mu ɗaure gero. In a lokacin har yanzu kana son sayarwa, ka zo ka faɗa mini da bakinka a tsakiyar gonar, ba ta bakin Saude ba.

Kafin ka hau mota ranar Asabar, ka bi ta can. Ka tsuguna a gindin gawon ka tona da hannunka. Za ka samu 'yan gutsattsarin tangaran, fari da shuɗi, waɗanda kake cika aljihu da su kana yaro kana kawo mini wai ka tsinci dukiya. Ba daga sama suka faɗo ba. Su ne ƙananan da suka zurare ta ragar gadona. Ka ɗauki ɗaya ka tafi da shi.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mugun aboki. Ya haɗa ka da maƙwabta irin waɗanda Ya haɗa ni da su ban cancanta ba. Ya ba ka halal mai albarka, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Allah Ya jiƙan babanka da Baffanka da Tabawa da Malam Haladu, Ya sa aljanna ce makomarsu. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Na sa Saude ta ɗaure maka ƙuli-ƙuli da garin kunu a cikin jaka. Na gonar ne.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara